Alamar Coci a Takardar Harajin Eulogio

Yayana Eulogio ya yi aure yana da shekara sittin da bakwai, ranar talatin ga Disamba, cikin sanyin da ko kare ba ya son leƙo waje. Wanda bai san shi ba zai ce zumuɗi ne ya hana shi jiran ɗumi ya shigo. Ni da muka fito ciki ɗaya na san ba haka ba ne. Amparo, wadda ke cike wa rabin garinmu takardun haraji, ita ta gaya masa cewa a wurin hukuma, duk wanda ƙarshen shekara ya riske shi da aure, to kamar da aurensa ya yi shekarar gaba ɗaya. Ya dawo gida, ya duba kalanda, ya sa rana. Ya ce aure na kwana biyu a ba shi ragin shekara guda, tunda yake bai taɓa cin ciniki irin wannan ba.

Ba ina nufin ba ya son matar ba ne. Yana son ta, har ya zama abin tausayi. Shi dai Eulogio ko abin daɗi zai yi, sai ya nemo masa dalili na kuɗi, don kada a ce ya yi taushi.

Ya yi aikin jirgin ƙasa a birnin Linares, nan ƙasarmu Sifaniya, tun yana saurayi har ya yi ritaya, yana sauya wa jirage layi, ya dawo gari da fansho mai kauri da 'yan itatuwan zaitun da ya saya a hankali. Tuzuru ne na gaske. Tun da mijina ya rasu, a gidana yake cin abincin rana, kuma bai taɓa cewa ya ƙoshi ba, bai taɓa cewa an gode ba. Abin da ya gada daga babanmu, wanda ya ƙare ƙarfinsa a ramin haƙar darma, shi ne hula guda da gaba da malaman coci. Hular ta daɗe da yagewa. Gabar kuwa ya riƙe ta da kyau. Idan an yi mutuwa zai raka gawa har bakin ƙofar coci, ya tsaya a matakala, hannuwa a baya, sai an fito ya bi sahu zuwa maƙabarta. Na taɓa tambayarsa me suka yi masa shi da kansa. Ya ce, “Tarihi ne, Casilda, ki je ki karanta.” Daga ni har shi babu wanda ya taɓa kai littafi ƙarshe.

Amaryar tasa Herminia kuwa tela ce, a bayan kasuwa take. Ba ta taɓa aure ba, don ta ƙare ƙuruciyarta wajen jinyar uwarta, tsohuwar da ta yi ta alƙawarin mutuwa tana fasawa har ta haura casa'in. Ita ke wanke labulayen coci, ita ke canza furanni, mabuɗin ƙofar gefe ma a jakarta yake kwana. Eulogio ya kai mata wando ta rage masa tsawo, bayan mako ya mayar mata da shi wai har yanzu yana jan ƙasa. Haka ya yi ta zarya da wandon nan har idon sawunsa ya fito fili, sannan ta ajiye almakashi ta ce masa idan magana ce a bakinsa ya faɗa, don wandon ya ƙare.

A ofishin magajin gari aka ɗaura auren. Wannan shi ne sharaɗinsa, ita kuma ta yarda ba tare da ta ja ba. Mace da ta ɗinka wa amaren garin nan fararen riguna tun kafin a haifi wasu iyayensu, ta tsaya a gaban tebur cikin kwat ruwan toka, aka karanta musu doka cikin 'yan mintoci, aka tashi. Na ga matan coci sun zo sun yi cirko-cirko a bayanta kamar masu ta'aziyya. Ita ba ta nuna komai ba, ta riƙe hannunsa suka fito.

Watanni huɗun farko lafiya lau. Ya yi ƙiba, ya daina zuwa gidana da rana, har aka fara ganinsa da riga mai guga. Ranar Lahadi ya raka ta bakin coci, ya wuce shagon kofi ya buga wasan domino, ya dawo ya ɗauke ta.

Sai Afrilu ya zo, lokacin da kowa a Sifaniya ke fito da takardunsa. Na bi su ofishin Amparo, don ni ke riƙe masa jakar takardu tun yana tuzuru, kuma aure bai sa ya karɓe ta ba. Amparo ta gaji ofishin ne daga babanta, mace mai haƙuri da tsofaffi, ga kwanon alewa a kan tebur. Ta danna na'urarta mai ƙwaƙwalwa ta juyo da ita gare su.

“Baba Eulogio, yanzu da kuka yi aure zaɓi biyu ne. Ko kowa ya cike tasa, ko ku haɗa a takarda ɗaya. Tunda Inna Herminia ba ta da wani kuɗin shiga sosai, haɗakar ta fi muku nesa ba kusa ba. Abin da za ku rage ya isa sabon firij.”

“Abin da na zo ji ke nan,” in ji shi. Ya gyara zama yana kallona, wai in shaida dabararsa.

Ta ci gaba da tambayoyi, gida, gona, fansho, yana amsawa da ƙarfi. Da ta iso ƙasan takardar, sai Herminia ta matso da kujerarta ta ce, “Ki sa min alamar coci kamar kullum, 'yar nan.”

Kowa ya san gurbin nan. Ɗan akwati ne ƙarami, idan ka sa masa alama sai a ware bakwai cikin dubu na harajinka a ba coci. Ba a ƙara maka ko kwabo, daga cikin abin da dama za ka biya ne. Akwai wani a gefensa na ƙungiyoyin agaji. Eulogio shekara da shekaru na agajin kawai yake cikewa, na cocin kuma yana sa Amparo ta nuna masa shi fayau kafin ya sa hannu.

“Dakata,” ya ce. “Ki sa mata a nata ɓangaren.”

“Babu ɓangare, Baba. Takarda ɗaya ce, akwatin ma ɗaya ne. In an sa, an sa muku ku biyu.”

“To a bar shi.”

“A sa,” in ji Herminia, ba ta ko ɗaga murya ba.

Amparo ta so ta kashe wutar, sai ta ƙara mata fetur. Ta ce, “Inna, gaskiya ke dama ba dole ba ne ki riƙa cike takarda. Abin da kike samu a ɗinki bai kai a cire miki haraji ba. Babana ya sha gaya min in bar ki kawai, tunda kina so.”

“To alamar da nake sawa fa? Nawa take kai musu?”

Amparo ta kalle ni, na kalli kwanon alewa.

“Bakwai cikin dubu na abin da kika biya, Inna. Ke kuma ba ki biyan komai.”

Shekara kusan arba'in Herminia tana sa takalmin fita, ta zo ofishin nan, ta biya ladan cikewa daga kuɗin ɗinki, don kawai ta sa wannan alama, ashe ko kyandir ɗaya ba ta taɓa saya ba. Na ji abin har cikin raina. A nan ne yayana ya yi babbar wautar rayuwarsa, ya fashe da dariya. Ba ta mugunta ba ce, ta kuɓuce masa ne, amma ya yi ta har da buga gwiwa.

Ta bari ya gama. Sannan ta ɗauki jakarta ta ce, “Amparo, kowa ya cike tasa.” Ta fita.

“Akwai lokaci har ƙarshen Yuni,” Amparo ta ce a hankali. “Ku je ku yi shawara.”

Washegari da rana na ji ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na ga Eulogio da cokalinsa a aljihun riga. Ashe Herminia ta ɗauki tsarin kowa tasa ta kai shi gida. Ta dafa wake a 'yar tukunya daidai cikin mutum ɗaya. Ta wanke kayanta ta shanya, nasa ta tara masa a kwando ta ɗora sabulu a kai. Ba faɗa, ba gaba, tana gaishe shi da safe, tana tambayarsa ya ƙafa. In ya ce ina nasa kofin, sai ta ce, “Ai na ɗauka ba ma haɗa lissafi.”

Kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka. Mu a nan, ma'aurata su rarraba takarda ba abin mamaki ba ne in duka biyun suna da albashi, amma mace marar fansho ta ƙi shiga takardar mijinta wata huɗu da aure, wannan sai a ce akwai magana. Wasu suka ce yana da ɗa a Linares. Wasu suka ce ita ce ke da gida a ɓoye. A gidan burodi aka tare ni ana tambayata ko gaskiya ne ya koma kwana a ɗakin ajiye zaitun.

A teburin domino ma bai samu sauƙi ba. Saturnino, abokinsa tun aikin jirgi, shi ya fi matsa masa.

“Kai dai ka riƙe wuta, Eulogio. Kada ka ba mu kunya.”

“Ba zan ba da ko kwabo ba.”

“Daidai. Sai dai in ka rarraba, kuɗin firij ɗin nan gwamnati za ta cinye. Na zaci ita ma ba ka ga-maciji da ita.”

Eulogio ya riƙe ƙwayar domino a sama ya kasa ajiyewa. Abin da ke hana shi barci ke nan. In ya haɗa da alama, coci ta ci ɗan kaɗan. In ya rarraba, gwamnati ta ci da yawa. Tunda yake bai taɓa samun rowarsa da taurin kansa sun ja shi hanya biyu ba, kullum tare suke tafiya.

Ya gwada dabaru. Ya ce zai ba ta ninkin kuɗin a hannu, ta je ta zuba a kwandon baiko ranar Lahadi, shi dai kada a rubuta. Ta ce ta gode, ba bara take yi ba. Ya aiko ni in yi mata magana, na same ta a kan keken ɗinki.

“Casilda, ba kuɗinsa nake so ba,” ta ce, ba ta daina taka keken ba. “Na yi zaman gidan uwata, komai da sunanta. Yanzu an ce takarda ɗaya, sunana da nasa. To in tawa ce ni ma, a bar hannuna ya taɓa wuri ɗaya a cikinta. In kuma tasa ce shi kaɗai ni ragi ce kawai aka samo masa, gara in sani.”

Har Fada, malamin cocinmu, ya shiga maganar. Saurayi ne, ƙauyuka biyar yake zagayawa a wata tsohuwar mota, kullum a gajiye. Ya tare ta bayan addu'a ya ce don Allah ta bar zancen, zaman lafiyar gida ya fi ɗan abin da za a samu, coci ba za ta rushe ba. Ta ce masa, “Fada, da girmanka, wannan ba maganar coci ba ce.” Ya tafi yana sosa ƙeya. Da Eulogio ya ji cewa Fada ya goyi bayansa, ransa ya ɓaci fiye da kullum, ya yini bai yi wa kowa magana ba.

Ni dai haƙurina ya ƙare ne a tsakiyar Yuni. Wata biyu ina ciyar da mai aure. Ran nan ya zauna ya cinye min kwanon miya da rabin burodi, ya ɗago yana tambaya ko babu cuku, sai na janye kwanon daga gabansa.

“Yaya, wace riga Herminia ta sa ranar aurenku?”

“Ina ruwana da riga?”

“Kwat ruwan toka. Matar da ta yi shekara arba'in tana share coci, ba ta shiga cikinta a amarya ba saboda kai. Ka ji ta taɓa yi maka gori?”

Ya miƙo hannu zai jawo kwanon, na riƙe.

“Kai me ka bari saboda ita? Ka faɗa min abu ɗaya in ba ka cuku.”

“Baba fa?” ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. “Na sa hannuna a kan abin nan, in ce masa me?”

Sai na ga ba rowa ba ce kaɗai. Tsoho ne mai furfura, amma har yanzu tsoron idon babanmu yake ji. Tausayinsa ya kama ni, amma ban mayar masa da kwanon ba. Na ce masa Baba ya yi nasa zamanin ya tafi, kuma shi bai taɓa barin Mama ta dafa tukunyar mutum ɗaya ba.

Ana saura 'yan kwanaki a rufe karɓar takardu, ya ce in ɗauko jaka. Ya biya gida ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗinki ya ce, “Herminia, Amparo tana jiran mu.” Ta dube shi sama da ƙasa, ta tashi ta sa takalmin fita. A hanya ya ce mu jira shi, ya shiga shagon taba ya fito da kwali guda. Na yi mamaki, don tun da likita ya tsorata shi da zancen zuciya ya daina sha, an fi shekara goma.

Muka zauna. Ya ce, “A haɗe.” Amparo ta bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana amsawa. Da ta gangaro ƙasan takardar ta ɗan yi gyaran murya, sai ya miƙe tsam.

“Zan ɗan fita in sha taba. Abin da ya rage matata ta sani.”

Ta taga muna hango shi a bakin titi, ya juya mana baya, karan taba a baki ba wuta, don ko ashana bai tuna ya saya ba. Herminia ta kalli Amparo ta gyaɗa kai. Amparo ta danna. Sai Herminia ta tambaya nawa ne zai je musu bana, aka gaya mata. Ba wani abin kirki ba ne, bai fi kuɗin fentin ƙofa ba. Ta maimaita adadin a hankali, ta ciro hankici ta goge hanci, ta ce sanyin na'urar sanyaya ofishin ya yi mata yawa.

Da ya dawo aka miƙa masa takarda, ya ɗora tafin hannunsa na hagu ya rufe ƙasanta, ya sa hannu da na dama. Ran nan babbar tukunya ta hau wuta a gidansu, ni kuma na huta.

A teburin domino Saturnino ya tsare shi. “An sa ko ba a sa ba?”

“Ni ban ga komai ba.”

“Ai sai ka tambayi matarka.”

“Mutumin kirki ba ya bincikar matarsa. Buga wasa.”

Haka suka yi ta yi duk shekara. Kwalin tabar nan guda shi ya yi ta amfani da shi, yana ajiye a jakar takardu, duk Afrilu ya zare kara ɗaya ya fita da shi, ya dawo ya mayar. Bai taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa faɗa masa ba. Suka sayi firij ɗin, suka je bakin teku sau biyu, ya koyi zura mata zare a allura da idonta ya fara rauni. Na san ma'aurata da yawa a garin nan, waɗanda suka fara tun suna yara, ban ga waɗanda suka ji daɗin juna kamar waɗannan tsofaffin biyu ba.

Shekara tara suka samu. Herminia ta kwanta a farkon kakar zaitun, ciwon bai ja lokaci ba. Ranar jana'iza ya raka ta har bakin ƙofar coci ya tsaya a matakala, hannuwa a baya. Mutane sun yi ta magana, ni ma na yi fushi da shi, na yi makonni ban kai masa abinci da hannuna ba. Shi bai kare kansa ba. Ya rame, rigunansa suka koma babu guga.

Da Afrilu ya zagayo na ɗauki jaka muka tafi, mu biyu. Amparo ta yi masa gaisuwa, ta ce bana takardar tasa ce shi kaɗai, haka doka take. Ya ce ya sani. Ta yi tambayoyinta, gida, gona, fansho, yana amsawa a taƙaice. Da ta iso ƙasa ta yi gyaran murya, ya miƙe kamar yadda ya saba, ya laluba jaka ya zaro karan taba. Har ya kama hannun ƙofa, sai ya waiwayo ya kalli kujerar da ke kusa da tasa. Jakar takardu ce a kai.

Ya daɗe a tsaye. Amparo ta sauke hannunta daga kan na'ura. Ya dawo ya zauna, ya ajiye tabar a kan tebur.

“Baba Eulogio, a bar shi fayau?” ta tambaya.

“Juyo min da shi in gani.”

Ta juyo da na'urar. Ya sa tabarau ya matso, ya ƙura wa ɗan akwatin ido.

“Ki sa,” ya ce. “In Saturnino ya tambaya, ki ce ta Herminia ce. Ba ta daɗe da fara bayarwa ba, bai kamata a katse mata ba.”